Abincin da wa'adinsa ya ƙare: wanne za a ci, wanne za a zubar?



A ranakun awon yara, daga Anu Araren da Cirozerin har Arlit da Akokan, da wuya a tashi ba a yi mana wannan tambaya ba: abin da kwanan watansa ya wuce, ko kamar yadda ake faɗa a kasuwa ya yi perime, a zubar da shi ne ko a dafa? Tambayar tana da nauyi. Akasarin abin da muke ci daga nesa yake zuwa, wani daga Aljeriya ta Asamaka, wani daga kudu ta hanyar Tawa da Agadas, kuma yana isowa da tsada. Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK a watan Maris na 2021, gidaje da yawa ba su da halin zubar da ko mudu ɗaya. Amma zawon kwana uku yana iya mayar da yaron da ya fara murmurewa cikin tamowa.

Na taɓa shiga wani gida na tarar uwa ta ware ledar maka guda huɗu za ta zubar, saboda kwanan watansu ya wuce da sati biyu. A gefenta kuwa ga kofin kunun da ta dama tun hantsi, tana ba ɗanta mai wata tara, ga shi la'asar ta yi. Makar ba ta da laifi. Haɗarin yana cikin kofin.

Kwanan wata iri biyu ne

Ki fara da rarrabe ranar da aka yi abu da ranar da wa'adinsa ke ƙarewa, domin sau da yawa suna jere. Inda kika ga FAB ko PROD, ranar yi ce. Inda kika ga EXP, ranar ƙarewa ce. A kayan Aljeriya akwai rubutun Larabci: intaj ranar yi, intiha ranar ƙarewa, kuma wadda ta yi makarantar allo za ta iya gane haruffan. Yawanci rana ce a farko, sai wata, sai shekara: 03/09/26 na nufin 3 ga Satumba 2026. In wata da shekara kaɗai aka rubuta, wa'adin yana kaiwa ƙarshen watan.

Ita ma ranar ƙarewar kashi biyu ce. Rubutun « À consommer jusqu'au » ana sa shi a kan abu mai saurin lalacewa, kamar solani da nama da kifin da aka ƙunshe. Wannan iyaka ce: da zarar ranar ta wuce, kada kowa ya ci, ko da bai canza wari ba. Rubutun « À consommer de préférence avant » kuwa, wanda kayan Najeriya ke rubutawa « Best before », yana nufin mai kamfani ya lamunce ɗanɗano da ingancin abin har zuwa ranar. Bayanta abin bai zama guba ba. Shinkafa, maka, wake, sukari, shayi da dabino da suka bushe sarai za a iya cinsu bayan wannan rana, muddin ledar ba ta huje ba, ruwa bai taɓa su ba, kuma babu fumfuna. Ƙwarin da ke shiga gari ko wake abin ƙyama ne, amma a tankaɗe, a shanya, a dafa, ba ya kai mutum asibiti.

Sai dai a tuna cewa masu kamfani suna lissafin wa'adi ne bisa ajiya a wuri mai sanyi da bushewa. A nan, zafin Mayu da Yuni yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Mai, madarar gari, garin jarirai da duk abin da ke da maiƙo suna iya lalacewa kafin ranar da aka rubuta. Man da ya fara wari ko yake maƙaƙi a maƙogwaro ya tashi daga aiki, ko da saura wata shida a jikin galan.

Gwangwani shi ne inda ba na sassauci. Na tumatir ne, na sardin ne ko na madara, in ya kumbura, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya lotsa a bakin murfi, ko ya fesar da ruwa da kumfa lokacin buɗewa, a zubar da shi inda yara da awaki ba za su kai ba. Kada a ɗanɗana don a gwada. Akwai ƙwayar cutar da ke girma inda babu iska, gubarta tana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma kaɗan ta isa. Gwangwanin da yake lafiya lau kuwa yakan daɗe bayan ranarsa. In an buɗe, a juye ragowar cikin mazubi mai murfi.

Haka nan gyaɗa da masara da suka yi fumfuna ko suke ɗaci. Gubarsu, aflatoksin, tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu da ita. A tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka yamushe kafin a yi ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa na yara. In abin ya yi yawa, a haƙura da shi gaba ɗaya.

Firigo da tukunyar jiya

Wutar garuruwan nan tana fitowa ne daga tashar SONICHAR mai ƙona kwal a nan Anu Araren, tun 1981. Duk da haka, kamar sauran wurare, wuta takan ɗauke, kuma firigo ba ya faɗa miki sa'a nawa ya yi a mace cikin dare. Aikinsa shi ne riƙe abinci ƙasa da digiri 5. In wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi kimanin sa'a 4. Sashen ƙanƙara da ya cika yakan kai kwana biyu, wanda yake rabi kwana ɗaya. A lokacin bazara kada ki jira cikar waɗannan sa'o'i. Nama ko kifin da ya narke amma yana da sauran ƙanƙara a jikinsa, ki dafa shi nan take. Wanda ya narke har ya ɗumama, ki zubar, kada ki mayar da shi cikin ƙanƙara. Ga wata dabara mai sauƙi: ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora tsaba a kansa. Ranar da kika tarar tsabar ta nutse ƙasa, kin san komai ya narke ya sake daskarewa a bayan idonki.

Yawancin gidajenmu ma ba su da firigo, don haka batun tukunyar jiya ya fi shafar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Na san ɗumame al'adarmu ce, kuma ba zan ce a daina ba. Manya su ɗumama shi har ya tafasa ciki da waje, sau ɗaya tak. Shinkafar da ta kwana a zafi ta fi tuwo haɗari, domin gubar da takan taru a cikinta ba ta mutuwa da ɗumamawa. Yaron da bai kai shekara biyu ba, da wanda ke shan maganin tamowa, a dama musu sabo, ɗan kaɗan, daidai cikinsu. Kada ki dogara da hanci: ƙwayoyin da ke kawo zawo ba kasafai suke canza wari ko ɗanɗano ba.

Abu ɗaya ne ba shi da wa'adi: nonon uwa a jikinta. Ba ya lalacewa don kin wuni a kasuwa ko kin sha rana. Ki ba jariri shi kaɗai har wata 6.

Kayan da muke rabawa

Plumpy'Nut, wanda wasu ke kira biskit, magani ne, ba abin kwaɗayi ba. Kowace leda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, wa'adinta wata 24 daga ranar yi in an ajiye ta ƙasa da digiri 30. Ki ajiye shi a wuri mafi sanyi na ɗaki, nesa da murhu da rufin kwano. In kin ga mai ya taso sama, ba lalacewa ba ce; ki murza ledar kafin ki buɗe. Wadda aka buɗe a shanye ta cikin sa'a 24. Wadda ta huje, ko ta kumbura, ko ranarta ta wuce, kada ki ba yaro: sinadaran bitamin da ke ciki suna raguwa, kuma jikin mai tamowa ba ya jure kuskure. Ki mayar da ita CSI a canza miki. Wanda ake sayarwa a tebur a kasuwa, ba wanda ya san wata nawa ya yi a rana.

Ku masu faɗakarwa, in kun shiga gida ku nemi izinin ganin inda ake ajiya. Ku karanta kwanan watan tare da uwar gida, ku jawo tsohon kaya gaba don a fara da shi. Uwar da ba ta karatu, ku yi mata alama da alƙalami a kan abin da ya kusa ƙarewa. In yaro ya fara zawo ko amai, a ci gaba da shayar da shi, a ba shi ruwan SRO da zinki. Ruwan SRO da ya kai sa'a 24 a zubar, a haɗa sabo. In akwai jini a bayan gida, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya ƙi nono, ko idanunsa sun faɗa, ko jikinsa ya saki, a kai shi likita a ranar, a tafi da ledar ko gwangwanin abin da ya ci.