Itacen Da Ya Rage Shi Kaɗai A Duniya

A tsibirin Morishus, cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai wani itace dangin kwakwa da dabino, masana na ce da shi Hyophorbe amaricaulis. Tsawonsa wajen ƙafa 40. Duk duniya guda ɗaya tak aka sani, yana cikin lambun gwamnati na garin Kyurpip. Furensa na miji da na mace ba su buɗewa lokaci ɗaya, 'ya'yan da ya ke yi kuwa ko an shuka ba su tsirowa.

Manomi zai ce, me zai hana a sari reshe a dasa? To, irin waɗannan itatuwa ba su da reshe. Ido ɗaya gare su a ƙoli, kamar giginya, in an sare kan, shi ke nan itace ya mutu. Dabino ya fi sauƙi, don yakan fid da 'ya'ya a gindi a cire a dasa. Wannan kuwa ba ya yi.

Saboda haka sai masana suka koma ɗakin bincike. Akan fasa irin, a ciro ɗan ƙwayar tsiron da ke ciki, a sa cikin kwalba mai tsabta bisa wani abinci daskararre mai sukari da gishirin taki. Sau da yawa akan haɗa da garin gawayi, ya tsotse dafin da tsiron ke fitarwa, kada ya yi baƙi ya mutu. Sa'an nan a ɗiga sinadarin girma, watau abin da ke cikin jikin kowane tsiro mai umurtarsa ya yi saiwa ko ya yi toho.

Manyansu biyu ne, oksin da saitokinin. A shekara ta 1957 waɗansu masana biyu a Amurka, Skoog da Miller, suka nuna da taba cewa in oksin ya rinjaya sai saiwa ta fito, in saitokinin ya rinjaya sai toho. In sun yi kunnen doki, sai wani dunƙulen tsoka, ba saiwa ba ganye. Maganin ciyawan nan 2,4-D da a ke fesa wa shinkafa shi ma oksin ne na haɗawa. Kaɗan ƙwarai yakan sa tsokar nan ta yaɗu, a raba ta a sami tsiro da yawa. Da yawa kuwa kisa ya ke yi.

Wuyar aikin duk a awo ta ke. A Maleshiya an yawaita kwakwar manja ta wannan hanya, amma a shekara ta 1986 aka ba da labarin waɗansu sun girma lafiya lau, da suka isa haihuwa sai 'ya'ya nakasassu marasa mai. Itacen Morishus kuwa, a shekara ta 1987 aka buga labarin ƙwayarsa ta tsiro cikin kwalba, amma tsiron bai rayu ba.

Abin lura ga manoma ke nan. Duk da ilmi da kuɗin da aka zuba, kwalba ba ta maye gurbin daji ba. Wanda ke da giginya ko goriba a gonarsa, in ya sari babba don azara, ya bar ƙanana su tashi. Rigakafi ya fi magani.