Adalci a Wurin Aiki

Ma'aikaci yakan jure wa zafin rana da nauyin kaya, amma da wuya ya jure wa bambanci. In mutum biyu suka yi aiki iri ɗaya, aka ba ɗaya lada fiye da ɗaya ba bisa dalili ba, sai zuciyar wanda aka rage wa ta ɓaci. Daga nan sai ya fara makara, ya riƙa yin aikin da ganin dama. Wata rana sai a nemi shi a rasa, ya tafi neman aiki wani wuri. Ga misalin abin da ya taɓa faruwa a ƙasarmu.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, kaya sun yi tsada ƙwarai a Nijeriya. Albashin ma'aikata ya kasa sayen abinci da tufafi. A 1942 Gwamnati ta ba su ƙarin kuɗi saboda tsadar, amma farashi bai daina hawa ba. Da suka sāke roƙo, sai aka hana su, alhali kuwa ana ba ma'aikata Turawa wasu kuɗaɗen na daban. Wannan shi ne Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A watan Yuni na 1945 tura ta kai bango. Dubban ma'aikatan reluwe da na gidan waya da na tashar jiragen ruwa suka ajiye aiki. Wani ma'aikacin reluwe, Michael Imoudu, yana cikin shugabanninsu. Suka yi kwana 44 a Ikko ba su koma ba. Jiragen ƙasa suka tsaya, wasiƙu suka taru, ciniki ya yi sanyi. Daga baya Gwamnati ta naɗa kwamitin Tudor Davies ya duba kukansu, aka kuwa ƙara musu kuɗin.

To, yara, wata rana waninku zai zama shugaban ofis, wani mai gona da 'yan ƙodago. Wanda ya ƙware in ya tafi, sai an daɗe ana koya wa sabo kafin ya kamo shi. Saboda haka ku biya kowa gwargwadon aikinsa, ku saurari kukansa tun bai yi fushi ba.

Tambayoyi
1. Me ke sa ma'aikaci ya bar aikinsa?
2. Don me ma'aikata suka ajiye aiki a 1945?