Walimar Da Asiri Ya Tonu: Darasi Daga Wani Fim Na Ƙasar Danmak

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kwastam a birnin Maiduguri da yamma, ba zai rasa ganin samari a gaban rumfunan masu tura fina-finai a waya ba. Abin da aka fi nema shi ne fassarar Indiya da fina-finan Kano, da wuya ka ji wani ya tambayi na ƙasar Danmak. Amma fa akwai wani guda da ya kamata mu san labarinsa, domin abin da ya tono yana nan kwance a wasu gidajenmu, ana kewaya shi ba a ambatonsa.

Sunan fim ɗin Festen, watau Walima. Thomas Vinterberg ne ya shirya shi a 1998, kuma a wannan shekara ya sami lambar yabo ta alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a ƙasar Faransa. Shi ne na farko da aka yi bisa ƙa'idojin Dogme 95, waɗanda Vinterberg da Lars von Trier suka tsara a 1995: a riƙe kyamara a hannu, ba ƙarin fitilu, ba kiɗan da aka ɗora daga baya. Don haka mai kallo sai ya ji kamar shi ma an gayyace shi walimar.

Ga yadda labarin yake. Wani attajiri mai suna Helge ya cika shekara 60 da haihuwa, ya tara 'ya'ya da dangi da abokai a otal ɗinsa. Ana cikin cin abinci sai babban ɗansa Christian ya miƙe zai yi jawabi. Maimakon yabo, sai ya shaida wa jama'a cewa tun suna ƙanana uban nan ya riƙa yin lalata da shi da abokiyar tagwaitakarsa Linda, wadda ba da daɗewa ba ta kashe kanta.

To, abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da mahalarta suka yi. Bayan ɗan shiru, sai aka ci gaba da ci da sha kamar ba a ce kome ba. Uwarsa Else ta tashi ta ce ɗanta tun yana yaro yake da ƙirƙirar labari, ta nemi ya ba da haƙuri, alhali kuwa ta taɓa gani da idonta. Ƙanensa Michael da wasu suka fitar da shi suka ɗaure a jikin itace. Ma'aikatan gidan kuwa sun tsaya masa, suka ɓoye makullan motocin baƙi don kada kowa ya sulale. Sai da aka karanta wasiƙar da Linda ta bari kafin jama'a su yarda. Da gari ya waye, Michael ɗin nan da kansa ya ce wa uban ya tashi ya ba su wuri.

Mu Hausawa mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri hali ne na dattako. Amma akwai bambanci tsakanin rufa wa ɗan'uwa asirin talaucinsa ko kuskurensa, da rufa wa azzalumi asiri. Na farko jinƙai ne. Na biyu kuwa, wanda aka cuta shi ake ɗora wa nauyin kare sunan gidan, mai laifin yana zaune a kujerarsa ana gaishe shi.

Wannan magana ta fi nauyi a Barno. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba iyalai da garuruwansu, marayu suka watsu a hannun dangi da baƙi. Mata da 'yan mata da dama da suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga sun tarar da tsangwama a gida, har wasu suka gwammace su haɗiye abin da ya same su. Ciwon da aka haɗiye kuwa ba ya mutuwa, yakan dawo da rashin barci da firgita da faɗa ba dalili.

Hanya dai a buɗe take. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2015, kuma a 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Barno. Ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, inda ake duba masu irin wannan damuwa. Amma doka da likita ba sa shiga ɗakin da mutanen gida suka kulle.

Saboda haka, jama'a, in yaro ya zo da magana mai nauyi, kada a ce masa ya yi shiru don ba a faɗin haka a kan babba. A saurare shi, a bincika, a kai shi inda za a taimake shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya kare mana zuriya, amin.