Toshewar jijiyoyin zuciya ga masu ciwon suga: magani, buɗe jijiya ko tiyata?

Mutane da yawa masu ciwon suga sun fi jin tsoron yanke ƙafa ko makanta, amma cututtukan zuciya da na hanyoyin jini su ne kan gaba wajen hallaka masu wannan ciwo. Haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ga mai suga ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya da shi.

Zuciya tana samun jini ta wasu manyan jijiyoyi uku da ke kwance a bayanta na waje. Yawan suga a jini yana lalata bangon cikinsu, kitse ya riƙa taruwa har hanya ta ƙuntata. A jikin mai suga, toshewar takan kama jijiya biyu ko uku a lokaci guda, ta yi tsawo, kuma ta shafi ƙananan rassa. Wani abin kuma shi ne suga na dakushe jijiyoyin jin zafi, don haka ciwon kan zo babu ciwon ƙirji. Abin da mutum zai ji kawai shi ne haki idan ya yi ƴar tafiya, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, sai ya ɗauka gajiya ce ko olsa.

Binciken farko shi ne awon bugun zuciya na ECG da hoton eko. Wanda ke nuna ainihin wurin toshewar shi ne wanda likitoci ke rubutawa da Faransanci coronarographie: ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, a ɗura wani ruwa da ke bayyana jijiyoyin a hoto. Ruwan yana iya wahalar da ƙoda, shi ya sa ake auna lafiyar ƙoda tukuna, wani lokaci kuma a dakatar da metformine na kwana biyu.

Hanya ta farko ita ce magani da gyaran rayuwa, kuma duk hanyar da aka bi daga baya, wannan ba ta faɗuwa. Ta ƙunshi asfirin don hana daskarewar jini, maganin rage kitse irin su atorvastatine, maganin hawan jini da zai tsayar da awo kusa da 13/8, da daidaita suga har awon HbA1c ya sauko wajen 7. Barin taba, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, da tafiyar rabin awa kusan kullum suna cikin maganin. Wani bincike mai suna BARI 2D, wanda aka fitar a 2009 kan masu suga 2,368 da ciwonsu ya lafa, ya nuna cewa bayan shekara 5 yawan waɗanda suka rayu kusan ɗaya ne tsakanin waɗanda aka yi wa aiki nan take da waɗanda aka fara da magani. Akwai kuma sababbin magungunan suga, empagliflozine da liraglutide, da aka tabbatar a 2015 da 2016 suna rage mutuwa ta dalilin zuciya, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun yawancin marasa lafiya a yankinmu.

Hanya ta biyu ita ce buɗe jijiya daga ciki. Ana zura ƴar balan-balan zuwa wurin da ya toshe, a hura ta, sannan a bar wata ƴar ragar ƙarfe da ake kira stent ta tokare hanyar. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara aikin balan-balan a birnin Zurich a 1977, Jacques Puel kuma ya sa ragar farko a Toulouse ta Faransa a 1986. Ba a buɗe ƙirji, kuma majiyyaci kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Sharaɗinsa mai nauyi ne: dole a haɗa asfirin da clopidogrel ko makamancinsa na wata 6 zuwa 12 ba fashi. Wanda ya daina sha don kuɗi sun ƙare, ko don ya ji sauƙi, jini na iya daskarewa a cikin ragar farat ɗaya, abin da kan kai ga rasa rai.

Hanya ta uku ita ce tiyatar da ake kira pontage. Likita yana ɗauko jijiya daga cikin ƙirji ko daga ƙafa, ya ɗinka ta yadda jini zai zagaye wurin da ya toshe, kamar yadda ake yanko sabuwar hanya idan gada ta karye. Babban aiki ne, ana kwana kamar mako guda a asibiti, warkewa kuma na cin wata biyu zuwa uku. Raunin mai suga ya fi saurin yin ruwa, don haka sai an daidaita sugan kafin aiki da bayansa.

Wacce ta fi? Binciken FREEDOM na 2012 ya bi masu suga 1,900 da jijiyoyinsu fiye da ɗaya suka toshe. Cikin shekara 5, kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suka rasu, a ɓangaren raga kuwa kusan kashi 16. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa ga ƴan tiyata, kusan kashi 5 a kan kashi 2 da ƴan kai. Saboda haka likitocin zuciya suka fi karkata ga tiyata idan mai suga yana da toshewa a jijiyoyi da dama kuma jikinsa zai ɗauki aikin. Raga ta fi dacewa da toshewar wuri ɗaya, ko tsohon da ba shi da ƙarfi.

Bugun zuciya na gaggawa lamarinsa daban ne. A nan minti ɗaya ma yana da daraja: ana so a buɗe jijiyar cikin awa 2, in kuwa babu kayan aikin a kusa, akwai allurar narkar da gudan jini irin streptokinase da ake yi cikin awa 12 na farko. Mai suga da ya ji nauyi a ƙirji fiye da minti 15, ko haki da gumi babu dalili, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiƙa saiwa ko jiran gari ya waye.

Cibiyoyin tiyatar zuciya ba su da yawa a yankin. Akwai ta Abidjan da ta Shisong a Kamaru, wasu iyalai kuma kan sayar da gona ko dabbobi su kai nasu Tunisiya ko Maroko. Kafin a ɗaure kaya, yana da kyau a tambayi likita abu huɗu: jijiya nawa ce ta toshe, yaya ƙarfin zuciya da ƙoda, nawa maganin bayan aiki zai ci kowane wata, kuma wa zai ci gaba da duba majiyyaci idan ya dawo gida. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan kuma ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauki azumin watan Ramadan.