Mai Targaɗe, Kada Ka Yi Gaggawar Komawa Gudu

Da zarar an cire amfanin gona, sanyi ya fara busawa, sai ka ga samarin Sabon Maci sun fito da asuba suna gudu a gefen hanyar Dakoro. Wasu ƴan ƙwallo ne, wasu suna shirin jarrabawar shiga soja, wasu kuwa ƴan kokowa ne masu burin ɗaukar takobin ƙasa kamar yadda Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi a Tawa a shekarar 1975. Abu ne mai kyau. Amma a lokacin ne targaɗe yake yawaita.

A yawon da nake yi na duba cibiyoyin yaƙi da jahilci, na tarar da wani saurayi da ya gurɗe a idon sawu. Bayan mako guda zafi ya lafa, sai ya koma gudu. Kwana uku bai cika ba ƙafar ta sake gurɗewa, ta fi ta farko muni. Har damina ta faɗi yana ɗingishi, ƙannensa ne suka nome masa gona. Abin da ya kamata mu gane shi ne, lafawar zafi ba ita ce warkewa ba.

Me yake faruwa a cikin ƙafa?

Ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26, jijiyoyi ne suke ɗaure da su. Yawancin targaɗe yana aukuwa ne idan tafin ƙafa ya karkace ciki, jijiyoyin gefen waje suka miƙe fiye da kima ko suka yage. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako 1 zuwa 3, babba kuwa yana iya kai wata 3. Jijiyar da take haɗewa ba ta da ƙwari tukuna, alhali kowane taku na gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau 2 ko 3. Bayan haka, gaɓar da ta ji ciwo takan manta yadda take gyara tsayuwarta a kan ƙasa marar daidai. Shi ya sa wanda ya taɓa gurɗewa ya fi saurin sake gurɗewa.

Kwanakin farko

A kwana 2 ko 3 na farko, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a riƙa sa mata tsumma mai ruwan sanyi na randa, a naɗe ta ba da matsewa ba. Kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a murza, domin suna ƙara kumburi. Idan mutum ya kasa yin taku 4, ko ya ji zafi a kan ƙashin kansa in an taɓa, to a kai shi likita, wataƙila karaya ce, sai an ɗauki hoto. Wanda ya je wurin maɗori kuma ya lura: in yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka sauya launi, ɗauri ya yi tsanani, a kwance shi nan take a nufi asibiti. A guji tramol, domin yana ɓoye zafi ne kawai, mutum ya yi ta taka ciwo bai sani ba, ga kuma sabo da yake jawowa.

Aikin masu gashi

A manyan asibitocin birane kamar Maraɗi da Yamai akwai ma'aikatan da ake ce wa kine, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Ba tausa kaɗai suke yi ba. Suna auna ƙarfin ƙafa, su dubi yadda mutum yake taku, su koya masa motsin da zai yi a gida. Doguwar kwanciya tana raunana ƙafa, don haka sukan sa a fara motsi da wuri, gwargwadon abin da ciwo ya bari. Ga kaɗan daga ciki:

1. Ka zauna, ka rubuta baƙaƙen abacada a iska da babban yatsan ƙafarka. Ga motsa gaɓa, ga bitar karatu.
2. Ka dafa bango, ka ɗaga duga-duganka ka sauke a hankali.
3. Ka tsaya a kan ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai, kamar mai shirin langa.

Yaushe za a koma gudu?

Sai ka iya tafiyar minti 30 ba ɗingishi, ka tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, ka ɗaga diddigenta sau 20, ka yi tsalle a kanta sau 10 ba zafi. In ka ci wannan jarrabawa, sai ka fara da gudun minti 1 da tafiyar minti 4, ka maimaita sau 5. Kashegari ka huta. Kowane mako ka ƙara gudu kaɗan, ka rage tafiya. Idan zafi ko kumburi ya kwana har safe, ka koma matakin baya. Ƙwallo da kokowa su ne na ƙarshe, saboda juyi da turereniya da ke cikinsu.

Gyaran taku

Sau da yawa yadda mutum yake gudu yana ƙara wa ciwo nauyi. Ka sa abokinka ya tsaya ya dube ka, ko ya ɗauke ka da wayar salula. A duba abu uku. Na farko, kada ka wurga ƙafa can gaba, ka gajarta taku, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jikinka. Na biyu, kada gwiwa ta karkata ciki idan ka taka. In tana yin haka, naman ƙugu ne yake son ƙarfafawa. Na uku, ka saurari sawunka: in yana dukan ƙasa da ƙarfi, ka sassauta. Kada ka sauya duka a rana ɗaya.

Ƙasarmu ta rairayi ce, kuma rairayi mai zurfi yana wahalar da agara da idon sawu. Ka fara a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba cikin gonar da kututturen karan hatsi suke ba. Ka sa takalmi mai riƙe diddige, ka bar silifa. Ka fita da sanyin safiya, ka sha ruwa, ka ci wake, gyaɗa, ƙwai da nono, domin da su jiki yake gina abin da ya yage.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ƙafar da kake gudu da ita yau, ita ce za ta bi hauya idan ruwa ya sauka. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.