Yoyon Ruwan Mota: A Gano Shi Tun A Gida, Kafin A Loda Shanu

A wannan fitowa za mu taɓo wata matsala da kowa ya raina, alhali ta sha kwantar da mota a dokar daji da shanu talatin a bayanta, wato yoyon ruwan inji. Wani zai ce ai wannan maganar makanikai ce, ina ruwan mai shanu? To, da ruwansa har da tsakinsa. Mota in ta tsaya da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shanu na tsaye a cunkushe, ba iska, ba ruwan sha. In ɗaya ya faɗi sauran su tattake shi, wanda ya tsira kuma ya isa a rame. Kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Maigatari Alhamis take ci, Mai'aduwa Lahadi. Wanda ya makara sai wani mako, ga kuɗin ciyawa, ga na mai gadi.

Yadda ruwan ke zagayawa

Inji wuta yake ci, ruwa ke kwashe masa zafi. Famfon ruwa, wanda kurwa ke juyawa (ita ce fambel a bakin mutanen Kano), shi ke tura ruwan ya ratsa jikin inji. Ruwan ya ɗauki zafi, ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, wanda wasunmu ke ce wa radiyata. A nan iskar hanya da ta fanka su huce shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat, ba ta buɗewa sai ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90.

Murfin lagireto ba don ƙura kawai aka sa shi ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma in murfi mai kyau ya matse shi sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Wannan matsin ne kuma ke sa hudar da ba ta wuce ta allura ba ta riƙa feshi in inji ya yi zafi, in ya huce ta yi shiru kamar ba ita ba.

A riƙe wannan da kyau: inji mai lafiya ba ya shan ruwa. Ruwan zagaye yake yi a rufe. Duk motar da sai an ƙara mata ruwa kowace safiya, akwai inda yake fita. Direban da ya ce maka "ai haka take, ɗabi'arta ce", ka ce masa a je a duba.

Yadda ake neman wurin yoyo

Aikin da safe ake yinsa, inji da sanyi. Tun da dare a tsayar da mota a wuri mai tauri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, don rairayi shanye ɗigo yake yi ba a gani ba. Inda kwalin ya jiƙe, daga nan za a ɗaga kai a bi sawu zuwa sama, domin ruwa gangarowa yake yi, sau da yawa inda ya ɗiga ba nan ya fito ba. In motar mai na'urar sanyi ce, ruwan da ke ɗiga daga gare ta fari ne tas, ba wari, wannan ba yoyo ba ne. Sai a bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya:

1. Tiyo. A matsa kowanne da hannu. Wanda ya yi laushi kamar tsumma, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. A duba bakinsa inda zoben ƙarfe ya ɗaure shi, nan yoyo ya fi farawa. Farin gari ko tsatsa a wurin shaida ce ruwa na fita yana bushewa.

2. Lagireto. A duba gaba da baya, da inda tankin sama da na ƙasa suka haɗu da saƙar. Girgizar hanya mai gargada tana tsaga shi a wajen ƙafafunsa, tsakuwa kuma tana huda shi ta gaba. In ƙaiƙayi, ƙarangiya ko fara sun toshe saƙar, iska ba za ta ratsa ba, ruwa ya tafasa ya yi ambaliya, a ɗauka yoyo ne.

3. Murfi. In robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa ficewa ta ƙaramin tiyon ambaliya ana cikin tafiya. Shi ya fi komai araha, shi kuma aka fi mantawa da shi. A sayi mai lamba daidai da ta tsohon.

4. Famfon ruwa. Akwai wata 'yar huda a ƙarƙashinsa. In ruwa na tsattsafowa ta nan, ko an ga sawun tsatsa ya gangaro, famfon ya gaji. A kama bakinsa inda kurwa ke hawa a girgiza, in yana rawa ko yana kuka in inji na aiki, a canja shi.

5. Jikin inji. Akwai wasu ƙananan murafen ƙarfe masu kama da kwabo a gefensa. Tsatsa kan cinye su ta ciki har su hude.

6. Cikin mota. A ƙananan motoci irin Hilux ko Peugeot 504, in shimfiɗar ƙasa wajen ƙafar fasinja tana jiƙe, ɗan lagireton ɗumama ciki ne ke yoyo.

In an bi duk wannan ba a ga komai ba, a tayar da inji ya yi zafi a sake dubawa, amma a yi nesa da fanka da kurwa, a kuma tattare babbar riga da rawani. Wasu garejin suna da famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura masa iska, yoyon ya bayyana inji na sanyi.

Yoyon da ba ya ɗiga ƙasa

Wannan ya fi kowanne sharri. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wata shimfiɗa da ake kira gasket, makanikan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce mata juwan kulas. Ita ke raba ruwa da baƙin mai da wuta. In ta ƙone, ga alamunta: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi; baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai; in an buɗe lagireto da sanyi aka tayar da inji, a ga kumfa na tasowa ba tsayawa; tiyon sama ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tayarwa. A manyan motocin gas irin DAF da Mercedes, robobin hannun riga na silinda ko na'urar huce mai su ma kan haɗa ruwa da mai.

Motar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan kada a loda mata ko akuya. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In abin ya faru a hanya

Da allurar zafi ta doshi ja, a nemi inuwa a tsaya a kashe inji. Kada a ce bari mu lallaɓa mu kai gari na gaba, kilomita kaɗan sun isa su lanƙwasa kan inji. A kuma lura: in allura ta hau, sannan ta sauko da kanta ba dalili, ba sauƙi aka samu ba. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare har ma'aunin bai samun abin aunawa.

Kada kowa ya taɓa murfi sai an jira aƙalla minti 30. Ruwan da ke ciki ya fi na tukunya zafi, yakan yi tsiri ya saɓule fuska da hannu, kuma yaran mota ne suka fi shan wannan wahala. In ya huce a rufa tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kada a kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe tsagewa yake yi. A zuba a hankali.

Kafin nan masu rakiya su hau su duba shanu, su tayar da wanda ya kwanta. In an ga gyaran zai kai dare, gara a nemi wata mota ko wurin saukewa tun da wuri.

Dabarun kai mota gari su ne: in tiyo ya fashe a kusa da baki, a yanke wurin a tura sauran a ɗaure. In a tsakiya ne, a busar da shi a naɗe da robar tib sosai a ɗaure da waya. In bututu ɗaya ko biyu na saƙar lagireto ne suka hude, a matse bakinsu da filaya, ko a share wurin a shafa gam mai haɗi biyu. Bayan haka a bar murfi a maƙale ba a murɗe shi duka ba, don matsi kada ya ɓalle facin, a yi tafiya sannu, ana tsayawa ana ƙara ruwa. Amma zuba garin taba, barkono ko ƙwai da wasu ke yi, ko ya toshe hudar, yana toshe hanyoyin ruwa tare da ita.

Gyaran gaske

Faci na kai mota gareji ne, ba na komawa lodi ba. Tiyo a sa sabo da sabon zobe. Lagireton tagulla mai dalma zai like shi, mai tankin roba in ya tsage canji ya fi. In gasket ce, a tabbata an auna kan inji, in ya lanƙwashe a kai a goge shi, in ba haka ba sabuwar ma ƙonewa za ta yi. Kada a yarda makanike ya cire tamostat ya jefar wai don ƙasarmu da zafi, in ta lalace a sa wata. Bayan gyara a bar inji ya yi aiki har iskar da ta maƙale ta fita, washegari da sanyi a sake duba ruwa.

Yawancin yoyo daga irin ruwan da muke zubawa yake farawa. Ruwan rijiya mai gartsi ko kanwa, da na tabki mai laka, su ke kawo tsatsa da dasƙarewa. A yi amfani da ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin galan, kuma kada a gauraya kala biyu. Sai dai a kiyaye: wannan ruwa guba ne, ga shi da zaƙi, dabba kan lashe shi, ya kashe mata ƙoda. Kada a zubar da shi a kara ko kusa da kwamin shayarwa, kada kuma a ɗebi ruwan sha a galan ɗinsa.

Shawararmu ga duk mai ɗaukar shatar mota: kafin a ja sa na farko, ka leƙa ƙarƙashinta da idonka, ka sa a zaro sandar mai ka gani, ka tambayi direba yaushe rabonsa da ƙara ruwa. Ka tabbata akwai jarka biyu na ruwa mai kyau, tiyon sama da na ƙasa, kurwa, zobba, robar tib, waya da tocila. Minti goma ne, ba ya hana kasuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.