Haɗin Abinci a Akushinmu: Daga Koyarwar Sunna Zuwa Rigakafin Ciwon Daji

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Da wuya a sami unguwa a yau da ba ta taɓa jinyar mai ciwon daji ba. Cuta ce mai cin jiki da dukiya, ga shi kuma yawancinmu ba ma zuwa asibiti sai ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na wannan ciwo ta hanyar guje wa abubuwan da ke jawo shi da bin matakan rigakafi. Abinci yana cikin waɗannan abubuwa, kuma amfanin ba ya tattare a cikin wani abinci guda da ake kambamawa. Yana cikin yadda muke haɗa su a akushi ɗaya, kullum safe da yamma.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Musulmi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar (RA) cewa ya ga Manzon Allah (SAW) yana cin ɗanyen dabino da kokwamba. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa yana haɗa kankana da ɗanyen dabino, a ruwayar Abu Dawud har da bayanin cewa zafin ɗaya yana daidaita sanyin ɗayan. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya fitar da ƙa'ida daga irin waɗannan hadisai a cikin Zadul Ma'ad: ana gyara wani abinci da wani, a rage cutarwarsa da abin da ke kishiyarsa. Ba mu ce waɗannan hadisai suna magana a kan ciwon daji ba, don bai halatta mu ɗora wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba. Abin da muka ɗauka shi ne ƙa'idar, sannan mu duba abin da likitoci suka gano.

Mu fara da tukunyar miya. Tumatir yana ɗauke da sinadarin laikofin, wanda shi ke ba shi jan launi, kuma yana cikin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Laikofin a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba, saboda haka jiki ya fi tsotsarsa idan aka dafa tumatir da ɗan mai fiye da in an ci shi ɗanye tsura. Haka abin yake ga karas da kabewa da ganyaye irin su alayyahu da zogale. Ashe uwargidan da ke soya kayan miya da man gyaɗa tana kan hanya, muddin dai man bai kwanta a kan miya kamar tafki ba. Kurkum ma haka: sinadarinsa ba ya shiga jini sosai sai an haɗa shi da masoro. Sai dai mu lura, ƙarin tsotsa abu ne da aka tabbatar, amma ba a tabbatar cewa kurkum yana hana ciwon daji a jikin ɗan Adam ba, balle ya warkar da shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen hatsi da wake. Bincike mai yawa ya nuna cewa hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, da abinci mai faiba, wato zaren da ciki ba ya narkarwa, suna rage haɗarin sankarar babban hanji. Faiba tana hanzarta fitar bayan gida, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanji kuma suna sarrafa ta su samar da abin da ke ciyar da bangon hanjin. An kuma sami alamun cewa madara da dangoginta suna ba da irin wannan kariya. Idan muka auna da wannan ma'auni, za mu ga dambu da zogale, da faten wake da alayyahu, da fura da nono, duk haɗi ne na hikima. Mu ne muka rage musu daraja da yawan surfe, da zuba sukari a fura, da musanya tuwon dawa da farin burodi da lemon kwalba.

Sai nama. A shekarar 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa ta sa shi a sahun waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Gasa nama a kan harshen wuta har ya yi baƙi yana haifar da sinadarai masu ɓata ƙwayar halitta. Nama halal ne, babu mai haramta shi, amma ana iya rage illarsa: a jiƙa shi cikin lemon tsami da tafarnuwa da citta da albasa kafin gashi, a riƙa juya shi, a kankare wurin da ya ƙone. Albasa da tumatir da kabejin da mai tsire ke yanko mana ba ado ba ne, mu nemi ƙari, mu cinye su tare da naman.

Akwai kuma haɗin da ke kisa, kuma shi ya fi kusa da mu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Idan wannan guba ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sau da dama, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankunan da duka biyun suka yi yawa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau, amma kyansa ya dogara ga gyaɗar da aka yi ƙulin da ita. Mu shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a kai rumbu, mu tsince ruɓaɓɓiyar ƙwaya mu zubar. Ɗan kasuwar da ya niƙa ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya sayar don kada ya yi asara, ya sani algus ne, kuma Musulunci ya yi hani mai tsanani a kansa. Mu kuma yi gwajin ciwon hanta, mu kai jarirai allurar rigakafinsa.

Wani zai ce, me zai hana a sayi ƙwayoyin sinadaran a huta? An gwada. A wani babban bincike a ƙasar Finlan da aka fitar da sakamakonsa a 1994, an ba maza masu shan taba ƙwayar sinadarin da ke cikin karas, sai sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari maimakon ta ragu. Abin da ke da amfani a cikin abinci, tare da 'yan uwansa, yana iya zama cuta in aka ware shi aka tara. Wannan ya isa gargaɗi game da masu tallar garin magani a kasuwa da Facebook suna kiransa maganin daji da sunan Musulunci. Mun san an ruwaito falalar habbatus sauda da zuma, amma wanda ya ruwaito mana su shi ne ya umarce mu da neman magani. Matar da ta ji ƙullutu a mama, ko wanda ya ga jini a bayan gida, wurinsa asibiti ne tun da wuri. Abinci rigakafi ne, ba ya maye gurbin likita.

Duk wannan haɗi ba zai yi tasiri ba in ciki ya wuce iyaka, domin ƙiba mai yawa tana da alaƙa da nau'o'in ciwon daji fiye da goma. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana almubazzaranci, hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA) a Tirmizi kuma ya raba ciki gida uku: abinci, abin sha, da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Ba sai da tufa ko inibi ba. Gwaiba da mangwaro da gwanda da yalo da rama sun wadatar, ɗalibin da ke makarantar kwana ma zai iya yanka albasa da tumatir a kan wake da shinkafarsa.

Jikinmu amana ne da za a tambaye mu a kansa. Cuta da lafiya suna hannun Allah, mu kuwa an ɗora mana riƙo da sababi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a cikin abin da muke ci, amin.